Rairayin Gawo da Motarka, Yaya Isuhu

Zuwa ga wana, Yaya Isuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba daga ƙane zuwa ga wansa, da ladabin nan da ka san ni da shi har kakan yi mani dariya a kansa, ina roƙon Allah Ya sa wannan yini ya same ka cikin rahamar da muke yi maka fata tun ranar da muka raka ka makwanci. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma kai ma ka san halina: abin da ban rubuta ba, ban yarda na gama shi ba. Saboda haka ka yi haƙuri da ni, su ma waɗanda takardar za ta faɗa hannunsu su yi haƙuri. Akwai bayanin da ya zama dole in yi maka a kan motarka da kuma idon Inna.

Saura kwanaki kaɗan ka cika shekara da barinmu. Lokacin da ka tafi, yana ta riga ta rufe idon Inna na dama, na hagu kuwa tana ganin inuwar mutum amma ba ta rarrabe fuska. Kai ka yi mata alkawarin kai ta wurin likitocin ido da ke zuwa Tasawa sau ɗaya a shekara. Sun zo suka tarar muna zaman makokinka, suka gama aikinsu suka koma. Malamin asibitin da ya duba ta daga baya ya ce mani kada in bari zuwan bana ma ya wuce ta, domin yana in ta tsufa a ido aikinta kan yi wuya. Na rubuta maganarsa na sa a aljihu, kamar dai abu ne da zan iya mantawa.

Ka san ƙugun Inna ba ya ɗaukar hawa babur, amalanke kuwa kafin ta kai Baudeta, da ke kan hanyarmu ta zuwa Tasawa, ta gama da bayanta. Sai dai mota. Na je gida na same ta, na ce na shirya da Nomau, abokin nan naka direba na tasha, zai zo da motarka ya ɗauke ta. Ta ce: "Nomau ɗan kirki ne, amma ɗan wata ne. Ni ina da ɗa da ya rage. Ranar da ya iya, in shiga." Na yi mata bayani, na kawo hujjoji, na tuna mata cewa shekarata arba'in da bakwai ban taɓa riƙe kan mota ba. Ta ce to ai ita ba ta gaggawa, ta ga duniya ta ƙoshi. Kai ka san Inna in ta ce ba ta gaggawa.

Sau nawa ka miƙo mani makulli ka ce in zo ka nuna mani? Kullum amsata ɗaya ce, sai na fara karantawa tukuna. Kakan ce, "Malam Takarda, mota ba a karanta ta, hawa ake yi." Na riƙa ɗaga ranar ina ganin kana nan. Wannan shi ne laifina na farko, kuma na rubuta shi a nan don ya zama na amsa shi.

Abin da na fara yi ba zai ba ka mamaki ba. Na je tasha na samo ɗan littafin koyon tuƙi, mai shafi talatin da biyu, da zanen ƙafa a kan matakai uku. Da irinsa na koyi kiwon kaji, da irinsa na koyi gyaran rediyo. Cikin mako biyu na haddace shi. Na san matakin hagu shi ne ambiriyaj, wanda ake takawa kafin a canja bitesi, wato giya inji ƴan'uwanmu na Katsina. Na san birki na tsakiya, matakin mai na dama. Da a ranar an yi jarrabawar baki, da ba a sami wanda ya fi ni ba daga nan har Maraɗi. Amma duk lokacin da na janye tamfol daga kan motarka na buɗe ƙofa, sai in ji warin kujerar, in ga casbinka a rataye, in mayar da ƙofar in rufe. Sau shida na yi haka. Na ƙirga.

Madam Rifkatu, mai buga takardu a makarantarmu ta nan Tasawa, wadda muke biro ɗaya da ita, wato ofis ɗaya, ita ta lura da ni. Ta ga ina taka ƙafafu a ƙarƙashin teburi ina motsa hannun dama cikin iska. Ba ta yi dariya ba, ko kuwa ta yi ta ɓoye. Kashegari ta sa mani wani wasan tseren mota a tsohon ordinater ɗin biro, wato kwamfuta, ta ce da shi mijinta ya cire tsoron hanya kafin ya je koyon tuƙi. Ta nuna mani madannai: wannan na mai, wannan na birki, wannan na ambiriyaj, waɗannan biyu na hawa da saukar bitesi. Na yanko kwali na rubuta su da jan alƙalami na jingina a gefe.

Tun daga nan, kullum in an tashi hutun rana, in akwai wuta, sai in tura ƙofa in zauna tuƙi. Kada ka zaci na ɗauke shi wasa. Motoci takwas ake jerawa, da an ƙirga uku sai bakwai su ɓace kamar an kore su. Ni kuwa in tashi da bitesi na ɗaya, in ba kowa hanya, in rage gudu a kowace kwana kamar yadda littafi ya ce. Mako uku ina zuwa na takwas. Wani lokaci wasan kan gaji da jirana ya rufe tseren ina tsakiyar hanya. Madam Rifkatu ta ce, "Malam Lawali, kai kaɗai na sani mai bin doka a inda babu jandarma."

Duk da haka ba zan ci amanar wasan ba, ya ba ni abin da littafi ya kasa. Ya ba ni kunne. Littafi ya ce a canja bitesi idan allurar ma'aunin gudu ta kai wuri kaza. Wasan kuwa ya sa na ji yadda inji ke kuka in ya ƙoshi da bitesi ɗaya yana neman na gaba, da yadda yake shaƙewa in an ɗora mashi wanda ya fi ƙarfinsa. Rannan ina cikin yi na ji wannan kukan, sai ga ka a idona, hannunka a kan sandar bitesi, kana hira ba ka ko duban allura. Yatsana ya saki, motata ta daki shinge. A wasan in ka daki shinge madanni ɗaya za ka taɓa, a mayar da kai kan hanya da sabuwar mota. Na daɗe ina kallon wannan madannin kafin in taɓa shi.

Da ɗan ƙarfin gwiwar da na samu na kira Nomau, muka fitar da motarka zuwa filin bayan gari. A nan na gano abin da wasan ya ɓata mani. Madanni hali biyu gare shi, ko ka danna ko ka saki. Ƙafata ta ɗauki ɗabi'ar yatsana, sai in saki ambiriyaj gaba ɗaya lokaci guda, motar ta yi tsallen ɗan akuya ta mutu. Sau goma sha ɗaya a yinin farko. Nomau ya dafe goshinsa, wanda ya gaisa da gilashi har sau biyu, ya ce: "Malam, ambiriyaj ba ƙyaure ba ne da za ka banko. Jinjiri ne ya yi barci a hannunka, a hankali ake kwantar da shi."

Kwana goma na yi ina neman wurin nan na tsakiya, inda mota ke fara rawar jiki tana son tafiya. Ba ya cikin littafi, ba ya cikin ordinater, a tafin ƙafa yake. Ranar da na same shi ban faɗa wa kowa ba. Na dai je masallaci na zauna tun la'asar har aka kira magariba.

Na shiga wurin koyon tuƙi kamar kowa, na bi layi, na yi jarrabawa, aka ba ni fermi, wato lasin tuƙi. Tambayoyin takarda ban faɗi ko ɗaya ba. A tuƙin kuwa sau uku mai gwajin ya ce in ƙara gudu. Na ɗauka magana ta ƙare. Na manta cewa a kan gudro, wato kwalta, aka gwada ni, gidanmu kuwa ba a kan gudro yake ba.

Ka fi ni sanin wurin. Rairayin nan na bakin gari, taku ɗari biyu ko fiye, daga gonar Liman har bayan gawon da dattawa ke zama a ƙarƙashinsa. Ranar gwajin farko, kafin mu shiga, Nomau ya sauka ya tsugunna yana sace wa tayu iska da tsinken ashana. Na buɗe mashi shafin da ya ce a kiyaye iskar taya daidai ma'auni. Ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa zuwa garinmu ba. Ya ce in sa bitesi na biyu tun kafin in shiga, in riƙe mai daidai, kada in canja, kada in taɓa birki, kada in ɗaga ƙafa ko me na gani. Ya ce, "Rairayi ba ya son mai shawara."

Na shiga lafiya. Motar tana lilo, kanta yana neman ƙwacewa, amma tana tafiya. Sai muka zo daidai gawo. Yaya, suna nan dukansu a kan tabarmi, Baba Liman, da Baba Ɗan Ladi abokin mahaifinmu, da sauran. Tun da na yi wayo ban taɓa wuce su a tsaye ba, balle a zaune kan kujera sama da kawunansu. Ko a keke nake sai na sauka, na cire takalmi, na durƙusa. Ban yanke shawarar tsayawa ba. Ƙafata ce ta yi ladabi ba da izinina ba. Ta tashi daga kan mai ta koma kan birki, na leƙa na yi sallama. Kafin su amsa motar ta zauna. Da na sake ba ta wuta, sai ta haƙa wa kanta rami har cikinta ya taɓa ƙasa.

Dattawan da na tsaya girmamawa su na tayar daga inuwa. Baba Ɗan Ladi, da tsufansa, shi ya riƙa miƙo karan gero ana cusawa ƙarƙashin tayu. Aka kira maza daga gonaki suka bar aikinsu. Sai bayan azahar muka fita. Labari ya riga ni isa gida. Inna dai tambayata ta yi ko na ci abinci.

Na tambayi Nomau yadda kake yi a wurin. Ya ce kai oda biyu kake dannawa, ka ɗaga hannu ka wuce, kowa ya ce Isuhu ke nan. Da haka aka san ka tun kana saurayi, an yafe maka tun kafin ka yi. Ni kuwa da gaisuwa aka san ni, ba ni da wani abin tunƙaho a garinmu da ya wuce ta. A gwaji na biyu na daure na wuce, idona a gaba, haƙorana a cije, na ƙetare. Bayan kwana biyu aka kawo mani maganar da wani ya yi a ƙarƙashin gawon, wai Lawali ya gaji motar wansa ya ajiye gaisuwa. Ban san wanda ya faɗa ba, ban kuma nemi sani ba. A gwaji na uku na sake kafewa a daidai inda na kafe da farko.

A lokacin saura kwana goma sha biyu likitoci su zo. Na faɗa wa Madam Rifkatu komai. Ta ce su ma a cocinsu akwai tsofaffin da ba a wucewa haka kawai, ta gane abin da ke damuna. Ta zaɓo mani wata hanya a cikin wasan, ta jar ƙasa, wadda aka zana ƴan kallo a gefenta suna ɗaga hannu. Ta tsaya ta ga na yi zagaye ɗaya, sannan ta ce, "Ka lura kana rage gudu in ka zo wurin mutanen nan? Zane ne fa, Malam." Wallahi ban lura ba.

Daga ranar na kafa wa kaina ƙa'ida: zagaye ashirin kowace rana, kuma yatsana ba zai bar madannin mai ba daga farkon ƴan kallo har ƙarshensu. Ranar da aka ɗauke wuta ban fasa ba, na yi a kan madannan da ba su amsawa ina ƙirgawa a zuci. A rana ta tara na zo na bakwai. Madam ta tafa mani sau ɗaya ta ci gaba da aikinta. Ban ruɗi kaina ba, na san zane ba shi da bakin da zai ce na ajiye gaisuwa. Amma abin da ke hannuna ke nan, na yi shi iyakar yinsa.

Yanzu na zo kan yau.

Na tashi daga Tasawa bayan sallar asuba, ni kaɗai, domin Inna ta ce in Nomau zai zauna a gefe, to ba ni na tuƙa ba. A bakin rairayi na sauka na sace wa tayu iska da hannuna, na shiga gari tun ba a shimfiɗa tabarmi ba. Niyyata mu fito da wuri kafin dattawa su hallara, har na rubuta lokacin kowane abu. Inna ba ta san da tsarina ba. Sai da ta yi sallama da kowace maƙwabciya, ta shafa kan kowace akuya, ta bar saƙo a kan wadda ke da ciki, ta sa aka kwance ƙullin kayanta aka sake ɗaurewa. Kafin mu gama hantsi ya ɗaga sosai.

Da na zaunar da ita a kujerar gaba, ta lalubi ƙofa, ta miƙa hannu ta lalubi casbinka. Na tada mota, na sa na ɗaya, na sa na biyu, muka shiga rairayi. Na hango gawo, tabarmi a cike, har da waɗanda ba su saba zama ba, domin an ji yau Lawali zai fita da uwarsa. Na yi ta faɗa wa kaina zane ne. Ba zane ba ne, Yaya. Baba Ɗan Ladi ne yana gyara zama yana dubanmu. Na ji ƙafata ta soma yin sauƙi a kan mai.

Inna ba ta gani, amma shekara ashirin ta yi tana bin wannan hanya a gefenka. Ta ce, ba da ƙarfi ba: "Lawali, injin ya sauya murya. Mayar da ƙafarka." Sannan ta ce: "Kai riƙe mota. Gaisuwa tawa ce yau." Ta fitar da kanta ta taga, ta soma kiransu ɗaya bayan ɗaya yadda suke jeruwa tun muna yara, alhali ba ta ganin ko ɗayansu. Liman an tashi lafiya, Ɗan Ladi yaya ƙafar, Mai Unguwa yaya iyali, ku sa mu a addu'a, ɗana zai kai ni a buɗe mani ido. Ta madubi na ga suna miƙewa tsaye. Ban juya ba. Na riƙe mai daidai, kan motar yana kokawa da hannuna, har na ji tayu sun kama ƙasa mai ƙarfi a gefen gonar Liman.

A Baudeta na tsaya aka mayar wa tayu iskarsu, na sa aka auna kowace sau biyu. Ba zan ɓoye maka ba, a cikin Tasawa motar ta mutu mani sau biyu a mararrabar kasuwa, har wani mai babur ya tambaye ni ko gado na ci. Na ce mashi e.

Ga ni yanzu a kan bencin asibiti, bayan la'asar, ina rubuta maka a kan gwiwata. An sa sunan Inna, an ɗiga mata magani, gobe da safe za a yi mata idon farko. Tana ciki tana hira da wata tsohuwa ƴar Mayahi, ina jiyo ta tana ba da labarin akuyarta.

Abu biyu suka rage mani. Likita ya ce a komawa kada ƙura ta taɓa idon, kada Inna ta yunƙura, taga ta zauna a rufe. Ke nan gaisuwa ta dawo wuyana. Na riga na yanke abin da zan yi. Zan ƙetare ba tare da na ɗaga ƙafa ba, in kai Inna ɗakinta, in dawo da ƙafa, in cire takalmi in durƙusa a gabansu kamar kullum. Wanda zai yi magana tsakanin wucewata da dawowata, ya yi. Minti goma ne, zan iya ɗaukarsu.

Na biyun ba ni da tsari a kansa. Duk tafiyar yau da kunne Inna ta yi ta, kuma kukan injin naka ne, warin kujerar ma naka ne. Sau ɗaya a kan gudro ta kira ni da sunanka, ba ta lura ba, ni kuma na amsa. In an kwance mata ido aka sallame mu, za ta shiga mota ta juyo, ta ga wanda ke zaune a wurinka. Wannan ya fi rairayi ba ni tsoro, Yaya. Amma ba zan kawar da kai ba. Zan zauna ta dube ni har ta gama, sannan in tada mota in kai ta gida.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka makwanci. Allah Ya sa hannun likita a sa'a, Ya nuna wa Inna hanyar gida da idonta, Ya ba ta haƙurin abin da za ta gani da wanda ba za ta gani ba. Ya sada mu da kai a inda babu sauran rabuwa. Amin.

Ƙanenka da ke riƙe maka mota,
Lawali
Tasawa